Ranar Da Indararon Bara'u Ya Yi Shiru

Ku matso kusa, ku ɗan dakata da ɓarar gyaɗar nan, don ita ce ma ta tuno mini da labarin. Nawa faɗi ne kawai, hukunci kuwa naku ne, kuma kada wanda ya ce mini barci yake ji idan an zo wurin.

A garin Tsamiyar Dogo akwai wani manomi, Bara'u, mutumin kirki, sai dai wayonsa kan yi masa yawa. A shekarar da nake ba ku labari gyaɗa ta yi masa kyau, ga shi kuma matarsa Hansai ta haifi ɗa namiji bayan shekara tara suna jira. Kaka ta kama, an kwana ashirin ba a ga ɗigon ruwa ba, kowa ya ce damina ta tattara kayanta. Gari ya cika da shanya, barkono a tabarmi, kuɓewa a faifai, harawar wake a kan rassan itatuwa. Bara'u ya kwashi gyaɗarsa ya baza a kan soron da Hansai ke jego a ciki. Da ya ga iska na gangaro da ita ta indararo, awakin maƙwabta na tsaye a ƙasa suna jiran rabo, sai ya samo tsummoki da laka ya toshe indararon nan biyu tam. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba wani abin faɗi ba ne.

Ana gobe suna ya yi sammako zuwa kasuwar ƙauyen gaba sayen rago. Bayan azahar sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwasar faifai da hulunan mutane. Ruwan bankwana ne, wanda yakan zo ba sallama. Mata suka yi ta gudu da tabarmi suna dariya, masu dawar da ba ta gama nuna ba suna hamdala, masu shanya suna salati. Gyaɗar Bara'u kuwa ba mai ganinta daga ƙasa, ba wanda ya tuna da ita. Hansai da jaririnta da Goggo Tabawa, wadda ta zo yi mata wankan jego, suka tura ƙyaure suka zauna suna hira. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, yana taruwa a bisa kansu ba hanyar fita.

Na farkon mutane ukun da za ku yi wa hukunci shi ne Zubairu tela, maƙwabcin Bara'u, mai ɗingishi tun yarinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana rigima da indararon nan, don duk damina a bakin zaurensa yake zuba, ya fantsama masa laka a kayan mutane. Ran nan ya ja kekensa ciki, ya shirya mitar da ya saba, sai ya ji shiru. Da farko daɗi ya ji, har ya ce Allah ya karɓi addu'arsa. Can sai ya leƙa ya ga indararon kowa na ambaliya, na Bara'u ko ɗigo. Nan take ya gane ruwan da bai sauko ba yana can sama. Ya fita ba takalmi, ya yi sallama sau uku a ƙofar gidan, ƙarar ruwa ta cinye muryarsa. Hawa soro ba nasa ba ne da wannan ƙafa. Sai ya ja ta cikin taɓo har ƙarshen layi, ya faɗi sau biyu, ya isa rumfar mai shayi inda mutane suka fake. Ya ce, "Soron Bara'u ya sha ruwa, mai jego na ciki. Ku taso."

Mutum biyu suka riga kowa tashi. Ɗaya shi ne Tukur ɗan dako, wanda ke saɓa buhun masara kamar matashin kai, mai cin tuwon mutum uku ba ya ko jin kunya. Bai taɓa taka gidan matan aure ba izini ba, amma ran nan ya kutsa yana ta neman gafara. Ya tarar azarar da ke bisa ƙofar ɗakin ta lanƙwaso ta danne ƙyaure, Goggo na ja daga ciki ya ƙi motsi, laka na zubo musu. Ya so ya ɓalle ƙyauren, sai ya lura ƙyauren kaɗai ke riƙe da azarar, idan ya karye gaban ɗakin zai rufto. Sai ya kifa turmi, ya hau, ya sa kafaɗa ƙarƙashin azarar ya tokare. Ɗaga ta ya gagara saboda nauyin ruwa, amma ya hana ta ƙara saukowa. Haka ya tsaya, ƙasa na cika masa ido, yana gaya wa Goggo kada ta damu, ba wani nauyi.

Ɗayan kuwa Haladu ne mai zuma, siririn mutum da ya saba ɗora amya a ƙololuwar kuka. Tsanin gidan yana can an ara, don haka ya kama katanga jiƙaƙƙiya ya haye da yatsu, ana walƙiya ana tsawa, iska na neman fizge shi. Da ya leƙa sai ya ga tafki, ruwa har ƙauri, gyaɗa na yawo a kai. Tsakiyar rufin ta riga ta lotsa, ya san idan ya taka nan shi da su duka sai ƙasa. Ya bi gefe a rarrafe, ya wuce ta kan ƙofa daidai inda Tukur ke tokare, da ba don kafaɗar nan a ƙasa ba, da nan ne zai burma. Ya lalubi bakin indararo cikin ruwa, ya yi ta ƙwaƙular laka har farcensa ya fita, ya zaro tsohon wandon Bara'u. Ya rarrafa ya zaro na biyun.

Ruwa ya tsinke ta indararo biyu, gyaɗa na bin sa, kai tsaye bakin zauren Zubairu. Nauyi ya ragu, Tukur ya yi nishi ya ɗaga azarar kamar yatsa biyu, Goggo ta fizgo ƙyaure. Hansai ta fito da gudu, ta kifa wa jariri ƙwarya a ka, Goggo na biye da ita da takalmi ɗaya. Haladu ya diro, Tukur ya zame ya yi tsalle gefe. Ba a yi minti biyu ba tsakiyar soron ta rufta a kan gadon da suka tashi. Jaririn kuwa bai ko farka ba.

Kafin la'asar sakaliya ruwa ya ɗauke, rana ta fito, gari ya yi sanyi mai daɗi. Duk layin ya fito tsintar gyaɗa, mata da ƙore, awaki kuma suka samu abin da suka daɗe suna jira. Ana cikin haka sai ga Bara'u jiƙe sharkaf yana jan rago. Ya ga gyaɗa a kwata, ya tsaya yana faɗa, wai wane marar hankali ne ya yi wa abinci wannan wulaƙanci. Sai Haladu ya miƙa masa wandonsa. Ya duba wando, ya duba inda soronsa yake a da, ya saki igiyar rago ya ruga ciki. Da ya ga Hansai zaune a ɗakin girki tana shayar da yaro, sai ya durƙushe ya yi kuka sosai, sannan ya yi dariya, Goggo kuwa ta wanke shi tas a gaban jama'a, kuma ya cancanta.

Nan take ya ce ba shi da abin da zai biya mutanen nan, amma gobe idan liman ya zo raɗa suna, sunan wanda ya ceci ɗansa za a sa. To, a nan aka daina tsintar gyaɗa aka koma gardama. Wasu suka ce Zubairu, don da bai lura da shirun indararo ba, da su Tukur na can suna kurɓar shayi har ɗaki ya faɗi. Wasu suka ce Tukur, don shi ya ɗauki ɗaki a kafaɗa, kuma ta kansa Haladu ya wuce. Wasu suka ce Haladu, don da bai zare tsumman nan ba, da Tukur ya gaji, ƙyaure kuwa ba zai taɓa buɗuwa ba. Su ukun kowa ya ce a ba ɗan'uwansa, amma kowa ya tsaya bai tafi gida ba. Mai shayi ya kawo shawara a sa sunan ɗaya yanzu, sauran su jira ƙanne biyu masu zuwa. Hansai ta ɗaga murya daga ɗakin girki ta ce, "Wannan ma shekara tara na yi ina jiransa. Ku gama da shi tukuna."

Yaro ɗaya ne, suna ɗaya, liman kuwa da hantsi zai iso. To, ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin Zubairu da ya ji shiru ya gane, da Tukur da ya tokare azara, da Haladu da ya hau sama cikin tsawa, wa za a yi wa takwara?