Hatsin da Nomau Ya Ƙi Ci

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can a zamanin da, sunansa Nomau. Ku matso, jama'a. Na baya ku daina hira, ku saurara, don labarin nan ba na dariya ba ne.

Nomau ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ɗan sarauta ba ne. Sana'arsa haƙar kabari da wankan gawa, in babu mutuwa kuma ya yi ƙodago. Irin mutumin nan ne da ba a tuna shi ran suna, ba a tuna shi ran biki, sai ran da aka yi rashi a ce ina Nomau, a kira Nomau. Matarsa ɗaya, Tasalla, Allah bai ba su haihuwa ba, suna zaune lafiya a ɗan gidansu na zana.

To sai shekaru suka fara juyawa. Damina ta zo ta yi rowa, ta bayanta ta fi ta rowa. Fatake masu dawowa daga gabas suka riƙa kawo labarai marasa daɗi: gari kaza ya watse, gari kaza an ci irin shuka, a wani wurin talakawa sun fasa rumbunan masu hali da gatari. Wannan na ƙarshen shi ya hana attajiran garin barci. Ba yunwar ce ta tsorata su ba, jama'a, masu yunwar ne.

Babbansu wani madugu ne, Madugu Barmo, mai jakai da raƙuma, mutum mai wayo da hangen nesa. Ya tara 'yan'uwansa masu dukiya a zaurensa ya ce, "Garin nan ya kusa lalacewa. In yunwa ta shigo, sarki ba zai iya riƙe kowa ba, alƙali ma ta kansa zai yi. Mu yi wa kanmu wuri tun da sauran lokaci."

A bayan garin akwai wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi da tudu. Nan suka zaɓa. Suka ce dutse ne, ba mai haƙo rami ta ƙarƙashi ya shigo musu, gara ma ba za ta ci hatsi ba. Aka yi ta ɗora laka a ka ana hawa da ita, aka ja katanga mai kauri, aka gina rumbuna, aka gyara ƙwarmin dutsen ya zama matarar ruwa. Suka bi ƙauyuka suna saye gero da dawa tun farashi bai tashi ba, har sayen nasu ya tayar da shi. Suka shigar da gishiri, da kanwa, da man shanu, da itace, da turamen zane. Har goro suka shigar, a lulluɓe cikin ganye. Ba abin da suka manta, a ganinsu.

Nomau yana cikin masu ɗaukar lakar. Ranar da za su shige, iyali ya bi iyali, kaya ya bi kaya, sai ya je ya durƙusa gaban Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, wata alfarma nake roƙo. Ni ban ce a shiga da ni ba. Mai ɗakina ce, jikinta ba ƙwari. Ta iya daka, ta iya niƙa, ba ta da yawan ci. A bar ta ta yi wa iyalinka aiki."

Madugu bai yi masa tsawa ba. Da ma tsawar ya yi, da ta fi sauƙi. Cikin lallashi ya ce, "Nomau, mun auna hatsi, mun auna bakuna. In na ƙara baki ɗaya, gobe wani zai kawo nasa. Ka yi haƙuri."

Nomau ya ce, "To, Allah Ya ba mu haƙurin."

Madugu ya ce, "Sauran aiki ɗaya. In mun shiga, ku toshe ƙofar da laka ta waje, ku shafe ta yadda ba mai gane inda take."

Ku saurara da kyau. Da hannunsa ya kwaɓa lakar, da hannunsa ya liƙe ƙofar da aka hana matarsa shiga, ya shafe ta sumul, don aiki aka ba shi, shi kuwa ba ya ha'inci a aiki. Aka jefo musu ladansu ta saman katanga, suka tsinta suka koma gari.

Yunwa ta zo, jama'a. Ta zo kamar yadda aka faɗa, har ta fi. Aka ci dusa, aka ci tafasa, aka tone gidajen tururuwa ana tsintar ƙwayar da suka ɓoye, aka sussuka ƙarangiya. Kasuwa ta daina ci. Sarki ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Masu ƙarfi suka bi hanya, aka bar tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ba su da inda za su. Nomau kuwa aiki ya yi masa yawa, ya haƙa wannan bai rufe ba an kawo wancan. Daga saman dutse kuma, in iska ta juyo, sai a jiyo ƙamshin tuwo da man shanu.

Tasalla ta kwanta. Ba ta yi wata doguwar jinya ba, ƙarewa kawai ta yi a hankali har ta cika. Babu likkafani a garin, da zanenta aka rufe ta. Shi ya haƙa mata, shi ya sa ta, shi ya mayar da ƙasa. Ya zauna a gefen kabarin ya yi kuka irin na wanda ba shi da kowa, sannan ya tashi, don akwai wata gawar tana jira.

Ana nan, ran nan da hantsi sai aka ji kira daga saman katanga. "Nomau! A kira mana Nomau!" Mutane suka jawo jiki suka taru a gindin dutsen. Madugu Barmo ne a sama, ba rawani, idanu jajur. Ashe ruwan da suka tara ya ruɓe, ciwon ciki ya shiga cikinsu, babban ɗansa ya rasu. Suka ɗauko fartanya za su yi kabari, fartanya ta ce ƙwal a kan dutse. Suka gwada can, dutse. Suka gwada nan, dutse. Wurin da suka zaɓa don ba a iya haƙa shi, ga shi ba a iya haƙa shi. Sun yi tanadin gishiri, sun yi tanadin goro, ba wanda ya tuna cewa a cikinsu akwai mai mutuwa.

Aka zuro gawar da igiya, a naɗe cikin tabarma, ba wanka, ba salla, don kowa a ciki tsoron taɓa ta yake. Tana saukowa tana bugun katanga.

Akwai wan Tasalla a wurin, Cindo, ya rame har ba a gane shi. Ya riƙe hannun Nomau ya ce, "Wallahi ba za ka taɓa shi ba. Ka manta wanda ya ce ya auna bakuna? Ka bar musu abinsu ya kumbura a nan, su shaƙi warinsa kamar yadda muke shaƙar ƙamshin tuwonsu."

Nomau ya ce, "Yaya, ban manta ba. Ko na so mantawa ba zan iya ba. Amma wannan da ke cikin tabarma ba shi ya hana ta shiga ba. Ko da ma shi ne, yanzu gawar Musulmi ce, in muka bar ta dukanmu muna da laifi wurin Allah."

Ya kwance igiyar, ya saɓa gawar. Ya je rafin da ya ƙafe ya yi tono har ya sami ɗan ruwa, ya wanke yaron kamar yadda ya saba wanke kowa, bai gaggauta ba, bai tsallake komai ba. Mutum kaɗan suka bi shi salla. Ya rufe shi a layi ɗaya da Tasalla, don nan layin ya kai.

Da ya dawo, sai ga igiya ta sake saukowa, wannan karon da kwandon gero. Jama'a suka yi caa. Nomau ya tsaya ya raba, gida gida, har da Cindo. Shi bai ɗauki ko ƙwaya ba.

To daga nan abin ya zama al'ada. Ciwon bai tsaya ba. Gawa ta sauko, kwando ya biyo ta. Gawa ta sauko, kwando ya biyo ta. In mace ce ya kai wa wata tsohuwa ta wanke, shi ya haƙa. Nan ne, jama'a, abin da ya fi yunwar muni ya faru. Mutane suka koma kwanciya a gindin dutse suna kasa kunne. In suka ji kukan mata ya tashi a bayan katanga, sai fuskoki su washe, a ce, "Alhamdu lillahi, yau za a ci." In aka kwana biyu shiru, sai ka ji wani yana cewa, "Wai har yanzu ba wanda ya mutu?"

Nomau yana nan a kan tafasa da ƙarangiya, ƙafafunsa sun fara kumburi, in ya shiga rami sai an miƙa masa hannu ya fito. Cindo ya dama kunu ya kawo masa ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Guminka ne fa. Halak ɗinka ne. Sha!"

Ya ce, "Na sani halak ne, Yaya, ku ci, Allah Ya sa muku albarka. Ni dai na san zuciyata. Tana riƙe da mutanen nan tun ran da na rufe Tasalla, kullum kokawa nake da ita. Ran da geron nan ya shiga cikina, gobe in na ji kuka a sama zan yi murna. In kuwa na yi murna da mutuwar mutum, da wane hannu zan wanke shi?"

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce haramun ne cin wannan gero. Ban faɗa ba. Da ya ci, ba laifi a kansa, rai ma yana da haƙƙi. Amma shi ya ga wani abu yana tsiro a zuciyarsa da ya fi jin tsoro fiye da yunwa, ya ƙi ba shi ruwa.

Daga ƙarshe igiya ta sauko da Madugu Barmo kansa. Nomau ya wanke shi, ya yi masa salla, ya roƙa masa gafara da babbar murya har mutane suka ji. Haƙar kabarin ta ɗauke shi yini guda, yana yi yana hutawa. Ya rufe shi, ya koma gida ya kwanta, bai sake tashi ba. Cindo da wasu tsofaffi suka yi masa kabari, bai yi zurfi ba, don ba su da ƙarfi. Bai ga ruwan da ya sauka bayansa ba. Da 'yan tsirarun da suka rage a saman dutse suka fito, aka tarar da yawancin rumbunan a cike, ba a ko buɗe su ba.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ku masu hali, ina ganinku. Katanga ta yi tsawo an ƙara mata waya, an haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida, an cika ɗaki da buhuna, fasfo yana aljihu, an sayi gida a wata ƙasa ko da ta ɓaci. Tanadi ba laifi ba ne. Amma tanadin da ka auna bakuna ka cire na maƙwabcinka, wannan ba tanadi ba ne, zalunci ne, kuma ba zai tsare ka ba. Mutanen da ka rufe a waje, su ne za su ɗauke ka a kafaɗa.

Ku kuma da kuke gyaɗa kai kuna jin daɗi an taɓa masu kuɗi, ban gama ba, na zo kanku. Wa ya ji an sace attajiri a hanya ya ce Allah Ya ƙara? Wa ya ji shagon Alhaji ya ƙone ya yi murmushi? Ku ne na gindin dutsen nan masu kasa kunne. An zalunce ku, gaskiya ne, an zalunci Nomau fiye da ku. Amma talauci ya cinye masa jiki, bai bari ya cinye masa zuciya ba. Kowa a nan ya duba tasa yau, kafin a kira wanda zai wanke shi. Allah Ya tsare mu da rowa in muna da shi, Ya tsare mu da mugun fata in ba mu da shi, Ya sa mu cika da zuciya mai tsabta.