Na'urar da Ba Ta Zubar da Saƙonta

Akwai wani manomi wanda gonarsa take bakin kogi. Kowace damina kogin yakan raba ƙauyensu da asibiti. Wata rana masu aikin gada suka kafa wata ƙaramar na'ura a gaɓar, injiniyarsu kuwa ta ce masa, "Baba, wannan za ta riƙa auna tsayin ruwa kowace sa'a, tana aikawa ofishinmu a birni. In mun sami awon damina cikakke, za mu san tsayin gadar da za a gina. In aka sami giɓi, sai baɗi." Suka bar ta a hannunsa.

Duk sa'ad da saƙo ya isa, fitilar na'urar takan nuna kore. Ana nan, sai iska ta ka da ƙarfen sabis, fitilar ta koma ja. Har kwana shida tana ja, manomin kuwa ko abinci ya kasa ci.

A ƙauyen, in sabis ya ɗauke, kan dutse ake hawa a yi waya. Saboda haka ya ɗauki diga.

Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, ina zuwa da diga?"

Ya ce, "Zan tono ta, in kai ta kan dutse ta yi magana."

Ta ce, "A kan dutsen wane kogi za ta auna? Ko ƙadangaru za ta ƙirga? Ka hau kai kaɗai, ka tambayi masu ita."

Ya hau, ya kira injiniyar, ya faɗa mata abin da ya faru. Ta ce, "Baba, kada ka taɓa ta. Kowane awo tana ajiye shi tare da lokacinsa, tana ta sake aikawa. Ba ta share ko ɗaya sai ta ji daga wurinmu cewa an karɓa."

Ya sauko, ya mai da diga ɗaki. A rana ta tara fitilar ta yi kore. Awon kwana tara ya isa birni bi da bi, ko ɗaya bai ɓace ba. Da rani aka soma haƙa harsashin gada.

Ma'anar misalin nan ke nan. Awon shi ne addu'arku, kwanakin jar fitila kuwa su ne lokacin da kuke roƙo, kuna ganin kamar ba a ji. A lokacin ne mutum yakan so ya tumɓuke kansa daga inda Ubangiji ya kafa shi, ya bar gidansa ko hidimarsa, ya tafi neman inda amsa take da sauri. Ƙaunatattuna, ina roƙonku, kada ku yi haka. Ku tsaya a wurinku, ku riƙe roƙon, gobe ku sake kai shi. Wanda kuke aika wa yana nan, ba kuwa abin da kuka faɗa masa da hawaye da zai ɓace a hanya.