Tagar da Na'iya ya mayar ƙofa

An ce wai a wani tsohon gari an yi wani attajiri mai fataucin gishiri, Alhaji Na'iya, wanda ya so ya mayar da ɗakinsa na bakin hanya shago. Bai nemi izinin mai unguwa ba, bai tuntuɓi Sarkin Magina ba, sai ya sa aka fasa tagar ɗakin har ƙasa, aka ci gefe da gefe don buhu ya wuce. Azarar da ke kan tagar kuwa don taga aka yanka ta. Da aka faɗaɗa, da ƙyar bakin azarar ya kama bango da yatsa uku. A bisa bangon nan benen Gwaggo Tasalla yake, matar marigayi wansa, kuma ba ta da wani ɗaki a duniya. Bango ba ya faɗuwa bai yi magana ba: kwana biyu ya tsage, ya fara zubar da ƙasa kamar gari daga rariya.

Tasalla ta kai ƙara gaban Alƙali Barau. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ga damina ta kawo kai, ni kuwa a kan ramin Alhaji nake salla!"

Na'iya ya ce, "Ranka ya daɗe, bangona ne, na gada. Ko giwa ta hau, ba zai motsa ba. Yaya Tasalla tsoro ya yi mata yawa."

Alƙali ya ce a je a gani. Da aka isa, ya sa Tasalla ta tsaya a waje, ya sa aka shimfiɗa wa Na'iya buzu a tsakiyar sabuwar ƙofar, domin girmamawa. Sannan ya tambayi Sarkin Magina, "Idan ruwa ya jiƙa rufi, nauyin me yake ƙarawa?"

"Kamar buhu goma, ranka ya daɗe."

"To, a hau bene da buhu goma na gishirin Alhaji. Kai kuma, Alhaji, zauna abinka."

Ba a ko ɗaga buhun farko ba, Na'iya ya yi tsalle ya dira a hanya, ba takalmi, rawani a hannu.

Alƙali ya murtuke fuska ya ce, "Kaico! Ka kasa zaman sa'a guda a inda ka so matar ɗan'uwanka ta yi damina. Yau za a tokare bangon nan, Sarkin Magina ya sa azara mai tsawon ƙofa, ka je ka durƙusa wa mai unguwa. Kafin a gama, Tasalla ta zauna a turakarka."

Wanda ya ce gininsa lafiya lau ne, kada a rantsar da shi. A shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashi.