Ƙugiyar da Ba a Mayar Wuta Ba

Balarabe maƙeri ne a Kafin Maiyaki, a gabana aka haife shi. Allah ya ba shi hannu, amma gaggawa ta yi masa yawa. Ko kunu ba ya bari ya huce.

Yayansa Wada haƙar rijiya yake yi. Wata ranar kasuwa ya leƙo maƙera ya ce, "Ƙanena, ƙugiyar da ake zura ni da ita ta lanƙwashe. Ƙera mini wata, gobe ina da aiki a Dangora."

"Da sifirin mota zan yi maka, Yaya. Ko raƙumi ka rataya ba za ta motsa ba."

"To, in ka tsoma ta a ruwa ka mayar da ita wuta, yadda Baba yake yi."

Balarabe ya yi dariya. "Baba ai lokaci ne ya yi masa yawa."

Ku da ba ku sani ba, ƙarfen sifirin ba zalla ba ne, akwai ɗan gawayi a jikinsa. Jikata Shamsiyya ta ce an koya musu a makaranta cewa ƙarfe ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, jere sahu-sahu kamar masallata. In aka tsoma shi a ruwa yana ja jawur, sanyi kan kama ƙwayoyin a takure, gawayin ya maƙale a tsakaninsu. Sai ya yi tauri, amma irin taurin kwalba. Wuta mai laushi ce ke sassauta su, ita kuwa sai da zama.

Balarabe ya ƙera ƙugiyar ya tsoma, ruwa ya yi cuu. Hankalinsa na kasuwa. Ya goge ƙugiyar ya miƙa wa Wada.

"Ka mayar?"

"Na mayar."

Tsohuwar ƙugiya in nauyi ya ishe ta, a hankali take buɗewa, mutum ya gani. Wannan ba ta yi gargaɗi ba. Washegari ana cikin zura Wada a rijiya igiya ta ɗan fizga, sai aka ji ƙas!

Wada bai mutu ba, amma bayansa ya karye. Yau Balarabe ke juya shi a kan tabarma. Sau ɗaya Wada ya dube shi ya ce, "Ƙanena, ka mayar kuwa?"

'Ya'yana, darasin ke nan. Abin da ido ba ya gani a cikin aiki, shi ke riƙe da ran mutum. Kada ku tsallake shi don sauri, kuma kada ku ce kun yi alhali ba ku yi ba.