Gurasar Da Ta Kasa Haɗiyewa

Akwai wata mai sayar da yadi da ake kira Ba-Ragi, don in ta yanka farashi, ko uwarta ce ta zo ba ta sauka. A coci ita ke wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji. Wurin zamanta layin gaba ne, kusa da wata tsohuwa makauniya da kowa ke ce wa Kaka.

Da maigidanta ya kwanta ciwo, sai ta shiga ciniki da Allah. Ta taya da azumi, ta ƙara da alkawari, ta ƙara da hawaye. Ba a sallama mata ba. Aka binne shi.

Tun daga nan, in ta durƙusa addu'a sai ta ji kamar cikin tulu take magana. Wani tunani ya riƙa leƙo ta: anya akwai mai ji kuwa? Ba ta gaya wa kowa ba. Ba-Ragi guda, a ce ta karaya?

Tashin hankalin shi ne ranar Jibi, ranar da ake raba wa masu bi gurasa da kofi. Fasto yakan ce kowa ya binciki zuciyarsa tukuna, don mai ci da wasa hukunci yake jawo wa kansa. Ita kuwa in ta leƙa tata, wayam. Ta ci, tana tsoron Allah. Ta ƙi, tana tsoron bakin mata.

Sai ta samo dabara. Ta kai hannu baki, ta motsa muƙamuƙi, gurasar kuwa ta ƙulle a haɓar zani. Kofi ta taɓa leɓe kawai, ta zubar wajen wanke kofuna.

A gida ba ta iya jefa wa kaji, ba ta iya ci. Ta riƙa tarawa a gwangwani. Ranar da ta buɗe, sai ta ga duk ta yi funfuna. Ta ce, "Haka cikina yake." Daga nan ko kanta ne ya sara, sai ta ce hukunci ya iso.

Wata Lahadi, tana shirin ƙullewa, sai caraf aka riƙe mata wuyan hannu. Saura kaɗan ta yi ihu.

Kaka ce. Ta raɗa mata, "'Yar nan, ni makauniya ce, ba kurma ba. Kowa a layin nan ina jin haɗiyarsa, har ta dattijon can mai haƙori biyu. Ke kaɗai shiru."

"Kaka, sake ni, ana kallo."

"Su kalla. Me ya hana ki?"

Ba-Ragi ta ce, "Ban sani ba ko Allah yana nan. In na ci a haka, mutuwa zan yi."

"Wa zai kashe ki?"

"Shi mana!"

"Au, wanda babu?"

Ba-Ragi ta kalli gurasar da ke hannunta.

Kaka ta ce, "Da idona ya tafi, ni ma na daɗe ina gaba da shi, amma ban fasa zuwa gidansa ba. Binciken da ake faɗi, gaskiya ce za ki gaya masa. Mara lafiya ba ya jira sai ya warke kafin ya sha magani."

Ba-Ragi ta sunkuyar da kai, gumi na ɗiga. Ta ce a ranta, "Ubangiji, bangaskiyar da ta rage mini ke nan, ko cikin cokali ba ta kai ba. In za ka karɓa a haka, ga ta."

Ta sa a baki. Ta tauna. Ta runtse ido, ta haɗiye, ta jira.

Rufin coci bai faɗo ba. Haske ma bai sauko ba.

Kaka ta ce, "Yauwa, wannan na ji ta. Kama ni mu miƙe, an fara waƙa."

Darasi: Shakka ba ta kashe bangaskiya, ɓoye ta ne ke ruɓar da zuciya. Ka binciki kanka tsakani da Allah, ka kai masa abin da ka tarar, komai ƙanƙantarsa, kada ka daina zuwa. Ku tura wa wani, don ba ku san wanda ke motsa baki a layinku ba ya haɗiyewa ba.