Mai Sito da Kududdufin Layin Dogo

An yi wani mutum a ƙasar Kazaure. Ba zan kama sunansa ba, don har yanzu yana numfashi. Fataucin riɗi da zoɓo yake yi, Allah kuma ya buɗa masa.

Da masu shimfiɗa layin dogo suka kwashe kayansu, sai suka bar wani makeken fili tsakanin dutse da wata unguwa. A filin akwai ƙaton kududdufi inda suka haƙi jar ƙasa. Duk ruwan da ya gangaro daga dutse da damina, nan yake kwanciya, bai taɓa shiga gidan kowa ba.

Mutumin nan ya nemi filin don ya gina sito, irin wanda tirela ke shiga har ciki. Aka ba shi bisa sharaɗi: ya bar kududdufin yadda yake, ya ja lambatu, ya dasa itatuwa ta ɓangaren gidaje. Ya dafa ƙirji a gaban mai unguwa ya ce, "Allah ne shaida."

Ya 'yan uwa, kun san nauyin wannan kalma?

Gini na kankama, sai ya ga kududdufin ya tare wa motocinsa wurin juyawa. Ya sa aka cike shi da shara da ɓaraguzai, aka ja gini da katanga har kansa. Lambatu kuwa aka haƙa ɗan kaɗan a gaban ƙofa, inda ido ke gani. Ranar da masu dubawa daga hukuma za su zo, aka kafa 'yan dashen darbejiya, washegari awaki suka cinye.

Wani dattijo, Malam Hamma, wanda gidansa ke bayan katangar, ya same shi ya ce, "Alhaji, ruwan dutsen nan ina ka ce masa ya bi?"

Ya ce, "Baba, ruwa na Allah ne, shi zai nuna masa hanya."

Wata ranar Agusta bayan la'asar, sama ta ɓalle. Ruwa ya sauko, ya tarar da katanga, ya juya cikin unguwa. Gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Wata baiwar Allah, Mu'minat, ta je niƙa, ta dawo ta tarar ɗakinta ya rufta kan 'ya'yanta biyu.

Sito ko tsagewa bai yi ba. Mai shi ya aika da buhunan shinkafa, ya ce ƙaddara ce.

To amma sharar da ya binne ba ta ɗaukar gini. Daɓe ya fara lotsawa. Danshi ya taso ta ƙasa, riɗi ya yi fumfuna, masu saye suka dawo da kaya. Ana cikin haka katangar gabas ta rufta. Da labari ya iske shi, ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

A kwance ya tuna da haƙƙi. Amma ina mutanen? Sun watse, wasu Roni, wasu Babura. Ɗansa ya riƙa yawo da shi a mota, har suka gano Mu'minat a gidan yayanta a Gwiwa. Aka sauko da shi, yana hawaye, da kyar harshensa ya haɗa, "Ki yafe mini."

Ta dube shi ta yi murmushi. Ta ce, "Malam, a hanya ba ka ga yarana ba? Hadari ya haɗu, ba su shigo ba."

Yayanta ya ce, "Alhaji, tun ranar haka take."

Wa zai yafe masa? Allah yana gafarta abin da ke tsakaninka da Shi, amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe da hankalinsa. Kangon siton yana nan tsaye, ruwa kuma duk damina sai ya shiga abin da ya rage na unguwar.

Ya 'yan uwa, kada ka kira Allah shaida kan abin da ka ƙudurta saɓawa. Kada ka tura wa maƙwabci cutar da ka kawar daga ƙofarka. Akwai nadamar da ke zuwa bayan an rufe hanyar gyara.

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin da ba mu da inda za mu sauke shi. Amin.