Wutsiyar Jirgi a Kan Rufin Kwano

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, can tsibirin Pate, sunansa Famau. Shi da ƙaninsa Lali mahaifinsu ya bar musu jirgin ruwa guda ɗaya, irin mai babban ƙyalle da iska ke turawa. Da shi suke kamun kifi, da shi suke kai mutane Lamu.

Famau ne babba, amma Lali ya fi shi iya tuƙi, kuma kowa ya sani. Wata safiya a wurin mai gahawa wani tsoho ya ce, "Famau, yau jirgin Lali zai fita kuwa?"

"Jirgin wa?"

"Au, har da kai a ciki? Yi haƙuri. Kullum shi nake gani yana tuƙi, kai kana kwashe ruwa da ƙoƙo."

Aka kwashe da dariya. Famau ya ajiye kofinsa ya nufi bakin teku.

A wajenmu in kana so ka hana jirgi fita, ba sai ka nemi kwaɗo ba. Wutsiyarsa za ka cire, wato faffaɗan katakon nan na baya da ake juya jirgi da shi. Famau ya zare ta, ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa gari kowa na kallo, ya ɗora ta a kan rufin kwanon ɗakinsa.

Lali ya biyo shi. "Yaya, me na yi maka?"

"Je ka tuƙa jirginka mana, sarkin tuƙi."

Washegari Lali ya nemi aiki a jirgin wasu.

Kwana uku bayan haka Baba Kombo, tsohon da ke sassaƙa jirage, ya zo wucewa ya ɗaga kai. "Famau, kifi ya ƙare ne ka koma shanya katako?"

"Kayana ne."

"Katakon da ya shekara goma a ruwan gishiri ba a ba shi rana. In fushi kake yi, binne ta a laka, ka yi fushinka har ka gaji. A kan kwano tsagewa za ta yi."

"Baba, ji da gatarinka."

Mahaifiyarsu, Mama Esha, ita ma ta yi magana. "Sauko da ita. Ubanku da hannunsa ya sassaƙa ta."

"Gobe, Mama."

Haka aka yi ta gobe har wata biyu.

Ranar wata Alhamis da hantsi Mama Esha na kankarar kwakwa, sai ta kife. Hannu ɗaya da ƙafa ɗaya suka daina motsi, baki ya karkace. Dole a kai ta asibitin Lamu. Jirgin inji ɗaya da muke da shi ya tafi tun safe, sauran jirage duk suna can wajen kifi, sai dai ranar Lali bai bi su ba. Hanyar Lamu kuwa wata siririyar mashiga ce tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin laka, ba ta biyuwa sai ruwan teku ya cika. In ya janye, sai ka jira.

Famau ya hau rufi da gudu. Da ya ɗaga wutsiyar sai ya ji ta yi sakayau. Tsaga ta bi ta daga sama har ƙasa, yatsa na shiga. Ƙusoshin duk sun yi lako-lako.

Baba Kombo ya ƙwanƙwasa ta, ya saurara. "Ba ni kwana biyu."

"Wa ke da kwana biyu, Baba?"

Suka ɗaure ta da igiyar kwakwa, suka maƙala. Aka shimfiɗar da Mama Esha a tsakiyar jirgi. Lali ya kai hannu kan sandar tuƙi, Famau ya ture shi. Mutane sun cika bakin ruwa suna kallo, ba zai yarda a ce ko yau ma Lali ne ba.

"To, Yaya, a hankali. Kar ka danna ta. Lallaɓa ta."

Sun yi rabin hanya lafiya. Daidai bakin mashigar iska ta bugo daga gefe, jirgi ya fara karkata. Lali ya ce, "Bari in sassauta ƙyallen tukuna." Famau bai jira ba, ya danna sandar da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar ba ta ma da yawa. Rabin wutsiyar ya bi ruwa, sandar ta rage a hannunsa ba ta riƙe da komai. Jirgi ya juya sau biyu, ya je ya kafe a laka.

Suka dira suna turawa, laka har ƙugu. Ruwa kuwa ya soma janyewa. Lali ya kira mai jirgin inji a waya, mutumin ya ce, "Ɗan'uwa, yanzu ruwan mashigar bai kai gwiwa ba. Ta ina zan bi? Sai bayan la'asar."

Suka sauke ƙyallen suka yi mata inuwa. Lali yana ɗiga mata ruwa a baki. Famau ya durƙusa yana ta cewa, "Mama, ki yafe mini." Tana kallonsa, tana son magana, bakin ya ƙi. Har yau bai san abin da ta so faɗa ba.

Kafin ruwa ya dawo ta cika.

Bayan kwana uku da jana'iza Lali ya zo ya same shi a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, na bar maka jirgin. Duka. Yanzu ba wanda zai ƙara cewa nawa ne."

Ya ɗauki jakarsa ya bi jirgin Mombasa. Famau ya sa Baba Kombo ya sassaƙa sabuwar wutsiya, mai kyau kuwa. Kullum da safe yana kiran fasinja a bakin ruwa. Mutane su gaishe shi, su yi masa ta'aziyya, su wuce su shiga jirgin gaba.

Darasi: Abin da ka lalata don ka ƙuntata wa ɗan'uwanka, wata rana kai za ka fi kowa buƙatarsa, kuma ba lallai ka samu lokacin gyara ba. In akwai wanda kake gaba da shi, ka gyara yau, kar ka ce gobe. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman waɗanda ba sa ga maciji da juna.